Wasiƙa daga Baltimore: tambaya 50 cikin minti 12

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Baltimore, garin da in sanyi ya shigo ba a da hira sai ta ƙwallon Amurka, wadda ake runguma ana gudu da ita. A wasan akwai wanda ake kira kwatabak, shi ne jagoran kai hari. Koci na yi masa magana ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, amma da zarar saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin fara kowane hari sai a katse layin. Daga nan shi kaɗai ne. Zai dubi yadda abokan hamayya suka jeru, ya canza dabara in ta kama, sannan ya jefa ƙwallo cikin kamar daƙiƙa uku, ga ƙarti sun rugo kansa.

Shekara da shekaru ƙungiyoyin NFL, babbar gasar wannan wasa, suna auna basirar waɗannan samari da jarabawar Wonderlic, tambaya 50 ta lissafi da kalmomi cikin minti 12. Tun shekarun 1930 aka ƙirƙiro ta don ɗaukar ma'aikatan kamfani, kuma Tom Landry, kocin Dallas Cowboys, na cikin waɗanda suka jawo ta cikin wasan.

To, me ta nuna? Ryan Fitzpatrick, ɗan jami'ar Harvard, an ruwaito ya ci 48. Ya yi shekara 17 yana wasa a ƙungiyoyi 9, bai taɓa buga wasan zagayen neman kofi ba. Dan Marino kuwa, wanda aka ce makinsa bai kai 20 ba, yana cikin gwanayen jifa da ba a mantawa da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake fallasa makin, alhali sirri ne. An daɗe a ƙasar nan ana raɗe-raɗin wai baƙar fata ba shi da kan jagorancin wasa, har bayan da Doug Williams, kwatabak baƙar fata, ya ci kofin Super Bowl a 1988. A 2018 jaridu suka baza cewa Lamar Jackson, shi ma baƙar fata, ya ci 13, wasu masana na cewa ya haƙura da kwatabak ya koma mai cafe ƙwallo. A zaɓen sababbin 'yan wasa, sai a lamba 32 Baltimore Ravens suka ɗauke shi. A kakar 2019 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba, ya sake ci a 2023. Wallahi in kuka ga yaran unguwarmu sanye da riga mai lamba 8 irin tasa, za ku gane abin da wannan ya yi musu.

NFL ta daina ba da jarabawar a taron tantance 'yan wasa na Indianapolis a 2022. Amma wasu ƙungiyoyin sun koma ga wata ta kwamfuta mai suna S2, kuma ita ma an fallasa cewa C.J. Stroud bai taɓuka komai ba a cikinta. Houston Texans suka ɗauke shi a 2023, ya gama kakar a matsayin gwarzon sababbin 'yan wasan hari.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Baltimore