Hoton da ya koma tabarma

Shekara huɗu na yi a sashen shirya baje kolin hotuna, kuma yanzu da nake barin aikin, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar ranar da muka buɗe baje kolin da muka yi shelar cewa har makafi za su amfana da shi.

Ni aka ɗora wa nauyin. Na buga hotuna goma sha biyu a kan takardar nan da baƙin tawadarta ke kumbura idan ta ji zafi, ban rage ko ganye ɗaya ba, domin a ganina cire wani abu cin amanar mai ɗaukar hoton ne. Wani dattijo ya ɗora hannu a kan na farko, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan tabarma ce?" Alhali hoton wata mata ce tsaye a bakin kogi. Ido yana kwashe hoto gaba ɗaya, yatsa kuwa layi-layi yake bi, kuma bishiyar da nisa ya ƙanƙantar, a hannu ba ta da bambanci da ciyawar da ke kusa.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Sai dai tun farko na nemi a gayyato makafi su gwada aikin, shugaban sashe ya ce babu kuɗin wannan, kuma shi ne ya fara ɗora mini laifi a taron da ya biyo baya. Da zan sake nema, sai na kafa hujja a rubuce da sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wanda ya tanadi shigarsu harkokin al'adu. Nan da nan kuɗi ya samu.

Makafi uku da muka zauna da su ne suka koya mini sauran. Bayanin hoto da ake yi da murya, kamata ya yi ya fara da fasalin hoton kafin ƙananan abubuwa. Rubutun makafi na Braille kaɗai bai isa ba, tunda yawancin waɗanda suka rasa gani da girma ba su iya shi ba. Masu sauran gani kuwa manyan haruffa suke buƙata, da gilashin da ba ya ƙyalli.

A karo na biyu, layi kaɗan na bari a hoton matar. Dattijon ya dawo, ya lalubo kafaɗarta, ya tambaye ni ko ruwan take kallo. Rahoton shekarar kuwa da sunan shugaban sashe ya fito.