Ranar da hasken rana ya yaudare ni a hanyar Brandon

Hunturu biyu na yi ina tuƙa motar kai kaya tsakanin Winnipeg da Brandon a lardin Manitoba na Kanada, aikin da na kama lokacin da nake karatu. Tafiyar kilomita 200 da ɗoriya ce a kan babbar hanya mai lamba 1, miƙaƙƙiya sambal, ba tudu ba gangare. Da rani ko gyangyaɗi kake yi ka iya zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, hanyar sai ta sake hali.

Wata safiya a Janairu na fito gari garau, rana tana ƙyalli, sanyi ya kai digiri 27 ƙasa da sifiri. Na cire wayar lantarkin da ke ɗumama injin tun dare, na tayar da mota. Wani dattijon direba da muke aiki tare ya ƙwanƙwasa gilas.

"Yaro, ka duba iska?"

"Baba, ai ko ɗigon dusar ƙanƙara ba ya sauka," na ce masa, har da 'yar dariya.

Bai ce komai ba, ya jefa mini bargo ta taga ya wuce.

Ina wuce Portage la Prairie na gane abin da yake tambaya. Gonakin wurin shimfiɗe suke iya ganinka, ba abin da zai tare iska. Sai ta kwashi tsohuwar dusar da ke kwance, busasshiya kamar ƙura, ta riƙa watsa ta a kan titi. Idan na ɗaga kai ina ganin sama shuɗiya fes, amma gaban motata fari fat, ba layi, ba gefen hanya. Hukumar yanayi ta ƙasar tana kiran abu guguwar dusar ƙanƙara ne idan iska ta kai kilomita 40 a awa, gani bai wuce mita 400 ba, kuma aka ɗauki awa huɗu a haka. Ba sai wani sabon abu ya faɗo daga sama ba. Ni da ma sama kawai nake kallo.

Sai na ƙara wauta a kan wauta, na maƙale wa fitilun bayan wata tirela, wai ita ce jagorata. Da ta rage gudu kwatsam na danna birki da ƙarfi, motar ta juya a hankali, kamar ba ta da gaggawa, ta zauna cikin kwatamin gefen hanya. Ƙanƙara ce siririya a kan kwalta, wadda ido ke ɗauka jiƙewa ce kawai. A kanta tsayawa kan ci ninki goma na nisan da aka saba. Gishirin da ake zubawa ma idan sanyi ya doshi digiri 20 ƙasa da sifiri ya daina narkar da komai, shi ya sa a can yashi suke haɗawa. Gada kuma ita ke fara daskarewa, don iska na bugun ta sama da ƙasa.

Zaman awa uku a cikin kwatamin nan ya fi koya mini fiye da duk horon da aka ba mu. Zuciyata ta ce in fita in taka zuwa wani gida da na hango kafin in faɗa. Na buɗe ƙofa, na cire safar hannu don in buga waya, cikin minti biyu yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Idan sanyi ya haɗu da iska har jiki ya ji kamar digiri 40 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti goma. Gidan ma ya ɓace mini. Na koma ciki.

Abin da na tuna daga horon guda ɗaya ne, kuma shi ya yi rana: a tone dusar da ta toshe bakin salansa kafin a kunna inji, in ba haka ba hayaƙin da ba shi da wari ya dawo cikin mota ya kwantar da mutum barcin da ba tashi. Na tone da hannu, don shebur na bar shi a gareji. Ina kunnawa minti goma kowace awa, in kashe, in shige bargon Baba. Sa'ata ɗaya, tankin ya haura rabi. Wayar kuwa sanyi ya cinye mata caji, sai da na cusa ta a hammata ta farfaɗo.

Bayan haka kafin in taɓa makulli sai na duba shafin intanet na 511, inda lardin ke sanar da halin da hanyoyi suke ciki, sannan in duba ƙarfin iska da inda take bugowa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne koyon cewa "yau ba zan je ba". Oga ba ya son jin haka, kaya na jira, kuma daga tagar ofishinsa rana yake gani. Karon farko da na faɗa masa, sai da ya yi ta faɗa har ya kashe wayar. Da azahar 'yan sanda suka rufe hanyar. Baba ya same ni a gareji ina ɗaure shebur a bayan kujera, ya ce in dawo masa da bargonsa in sayi nawa.