Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Da Yaya Ta Cika Shekara 13

A makon jiya na tsaya ne a inda Abbansu ya sauya aiki, ragamar gida ta dawo hannuna ni kaɗai daga safiya har dare. Yau zan ɗan yi tsalle in zo kan muhawarar da ta fi ba ni aiki a tarbiyyar babbar 'yata, wadda ƙannenta ke kira Yaya, har sunan ya kama bakinmu mu ma.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya magiya ba, hujja take kawowa. Tana cika shekara 13 ta same ni ina ninke kaya, ta ce, "Mama, yanzu dai na kai." Na ce kin kai me? Ta ce shekarun buɗe shafi. Har da lissafo mini: Facebook 13, Instagram 13, TikTok 13, Snapchat ma haka. "Ba ni na faɗa ba, Mama, su suka rubuta."

Na ce ta ba ni lokaci. Ba na son yaro ya ƙure ni da magana a cikin gidana, don haka na shiga neman inda wannan 13 ɗin ta samo asali. Ashe ba likitoci ne suka zauna suka ce a nan hankalin yaro ke nuna ba. Doka ce Amurka ta yi a 1998, ana ce mata COPPA, wadda ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da yardar iyayensa. Bin iyaye ɗaya bayan ɗaya aiki ne, sai kamfanonin suka ce wanda bai kai ba kada ma ya shigo. Wato lambar nan kamfani take karewa daga tara. Ba ruwanta da ko 'yata za ta iya haɗiye zagin wanda ba ta taɓa gani ba. Lokacin da aka yi dokar ma babu Facebook, sai a 2004 ya fito, Instagram kuwa sai 2010.

Da dare na kai wa Abbansu maganar, na tarar shi ma da nasa makaman. Ya tuna mini da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook da ta fitar da takardun cikin gida a 2021, waɗanda suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar surar jikinsu. Ya kawo Ostareliya, wadda majalisarta ta zartar da doka a watan Nuwamban 2024 cewa sai mai shekara 16 zai riƙe shafi, kuma idan aka saɓa, kamfani za a ci tara, ba yaro ko iyayensa ba. Ya rufe da cewa, "A hana kawai. Mu da muka tashi babu shi, me ya same mu?"

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ban goyi bayansa ba. Mu rediyo ɗaya gare mu a gida, mahaifinmu ke murɗa ta. In ya kamo Sashen Hausa na BBC, kowa shi zai ji, a yi gardama a kai, a kashe a kwanta. Hani a wancan zamani abu ne mai sauƙi, ɗauke rediyo kawai za a yi. Yanzu kuwa in na ce a'a, wayar ƙawarta tana nan, kuma yaro ba ya buƙatar wayo mai yawa kafin ya sauya shekarar haihuwa. Na ce masa gara ta shiga ina zaune kusa da ita, da ta shiga ta bayan gida in zama ta ƙarshen ji. Ya yi shiru, ya ce, "To, ke za ki ɗauki nauyin." Na ce dama wa ke ɗauka?

Sharuɗɗan ba su da yawa: shafin a kulle, sai wanda ta sani ido da ido, lambar sirri tana wajena, kuma waya ba ta kwana a ɗakin barci.

Abin da ban shirya masa ba shi ne daren buɗe shafin. Na zaci aikin minti kaɗan ne. Wajen suna muka fara cijewa. Sunanta na yanka ta ce ya yi tsufa, na makaranta ya yi yawa, wani ya riga ta ɗauka. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Muka zo kan hoto. Ta ɗauka ba adadi, kowanne sai ta bi shi da abin gyaran fuskar nan mai tsuke hanci, ya ƙara haske, ya shafe ƙurajen da shekarunta suka kawo. Ta miƙo mini ta ce in zaɓa. Na duba, na ce, "Duk sun yi kyau, amma ina ke?" Ta tura baki. "Mama, kowa haka yake yi."

Sai aka zo ɗan layin da mutum ke bayyana kansa. Nan ta tsaya cak. Can ta ce in nuna mata nawa. Na buɗe: matar aure, uwar 'ya'ya uku, alhamdulillah. Ta karanta, ta kalle ni, ta ce, "Mama, wannan ai bayaninmu ne da Abba, ba naki ba."

Na yi dariya, na ce rashin kunya ba ya cikin sharuɗɗan. Ni dai ban ga laifin layina ba, da gangan na zaɓe shi, kuma ina alfahari da shi. Bambancin shi ne ni na haura talatin kafin wani ya ce in taƙaita kaina a layi guda, na riga na san abin da zan nuna da abin da zan bar wa kaina. Ita ana tambayar ta tun ba ta gama sanin irin muryarta ba, kuma amsar da ta bayar za a auna ta da yawan masu danna alamar so. A shekarunta, masu gaya mini ko ni wace ce mutane ne da suka san ni: mahaifiyata, malamata, ƙawaye biyu. Su faɗa, wani lokaci su yi kuskure, gobe a manta. Intanet ba ya mantuwa, kuma ba ya tsayawa a kallo. Yana lura da bidiyon da ka daɗe a kai, ya ƙaro maka irinsa, har ka ɗauka kai ne ka zaɓa. Yarinyar da ta tsaya kan bidiyon rage ƙiba sau biyu don son sani, za ta wayi gari an cika mata shafi da shi.

Saboda wannan na ƙara sharaɗi ɗaya, wanda ya fi sauran amfani: duk ƙarshen mako mu yi musayar waya na ɗan lokaci, ta ga abin da ake turo mini, in ga nata. Ba na buɗe saƙonninta. Abin da na'ura ke zaɓo mata kawai nake kallo, in tambaya, ta yi bayani, yawanci tana yi mini dariyar rashin sanin kowa.

A ƙarshe layin nata fanko ta bar shi, ta sa hoton wata kyanwa a madadin fuskarta. Ban ce uffan ba.

Zaman lafiyar bai daɗe ba. Auta ne ya lura cewa kwandon da ake tara wayoyi da dare wayoyi biyu kawai ke shiga, tawa da ta Yaya. Ya tambaya a gaban kowa ko wayar Abba ita ba ta jin barci. Yadda Abbansu ya kare kansa, da abin da Yaya ta gani ranar da ta samu damar duba tasa wayar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.