Abin da babur ɗin ƙanƙara ya koya mini a zafin Sakkwato

A shekararmu ta ƙarshe a sashen kanikanci, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, Malam ya shigo aji da hoton wani abin hawa da babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa gani ido da ido. Babur ne na tafiya a kan dusar ƙanƙara. Gabansa babu taya, sai wasu dogayen takalma biyu masu zamiya. Bayansa kuwa wani faffaɗan bel ne na roba mai haƙora, tamkar sarƙar katafila, shi ke tura shi. Malam ya ce wani mutumin Kanada, Joseph-Armand Bombardier na garin Valcourt a lardin Kwibek, shi ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959, kuma har yau kamfanin Polaris na ƙera irinsa a jihar Minesota ta Amurka.

Aikin da ya ba mu layi biyu ne. Babur yana da bel mai tsawon inci 121, mai shi yana son ya sa masa mai inci 136. A cikin bel ɗin akwai gadon ƙarfe mai ɗauke da sifirin da ƙananan tayoyi, shi ke riƙe bel a miƙe yana kuma shanye gargada. Inci nawa za a ja gadon nan baya, kuma me zai canja idan an ja shi?

Wani abokinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da ko raɓa ba mu cika gani ba, ina mu ina wannan?" Malam ya ce, "In na ba ku mota, gareji za ku je ku tambayo ku kawo mini. Wannan kuwa duk Sakkwato babu wanda zai gaya muku, dole ku zauna ku yi tunani." Sai daga baya na fahimci girman alherin da ya yi mana da wannan zaɓi.

Dalilin son dogon bel bai ba ni wahala ba, don duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Illela ya ga yadda raƙumi ke taka yashi. Jaki kofatonsa ƙarami ne, yana nutsewa. Raƙumi ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, amma tafin ƙafarsa faffaɗa ne, yana baza nauyin. Haka dusar ƙanƙara mai zurfi take. Idan bel ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu a wuri mai yawa, babur ya hau bisa maimakon ya haƙa wa kansa rami.

Inda na faɗi shi ne lissafin. Na cire 121 daga 136, na samu 15, na rubuta cewa a ja gado baya da inci 15. Malam bai ja mini jan biro ba. Ya kira ni gaban allo, ya buga ƙusa biyu a wani katako, ya zagaye su da igiya ya ɗaure. Ya ce in ƙara wa igiyar kamu ɗaya, sannan in matsar da ƙusa ta biyu har igiyar ta sake miƙewa. Da na auna, rabin kamu kawai ƙusar ta matsa. Bel zuwa yake yi ya dawo, rabi a sama rabi a ƙasa, saboda haka ƙarin inci 15 na bukatar matsawar inci 7 da rabi ne kawai. Har gobe idan na rufe ido ina ganin katakon nan.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Makonni biyu muka yi a kan rabin tambayar na biyu, wato me zai canja. Tazarar haƙoran bel dole ta dace da ta taya mai haƙora da ke juya shi: a tazarar inci 2.52, bel na 121 yana da gaɓa 48, na 136 yana da 54, idan ka sayo mai wata tazarar daban ba zai hau ba sam. Gadon yana rataye ne a jikin wani kwamin alminiyam da aka kife, ta hannuwa biyu, na gaba da na baya. Idan za ka huda sababbin ramuka, tazarar da ke tsakanin hannuwan nan ba ta canjawa ko da tsinin allura, in ba haka ba sifirin ya daina aiki yadda aka tsara shi. Alminiyam ɗin kuma siriri ne, sai an lulluɓa masa faranti a inda noti zai zauna, don kada ramin ya yage. Shi kansa kwamin sai an ƙara masa tsawo ya rufe bel. Kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: da zarar gado ya ja baya, nauyin inji da na direba ya ƙara komawa kan takalman gaba, kan babur ya yi nauyin juyawa. An samu sauƙin hawa dusa mai zurfi, an biya da taurin kai a kwana. Shi ya sa masu wannan aiki da yawa ba sa kai gadon ƙarshen lissafi, sukan ja shi kaɗan, su cike sauran ta ƙara wa ƙarafunan gadon tsawo.

Na ci jarrabawa, na ajiye littafin a ƙasan akwati, na koma garejin kawuna inda na taso ina miƙa sifana tun ina firamare.

Bayan kusan shekara, cikin kakar albasa, wani Alhaji daga wajen Goronyo ya kawo keken ɗaukar kaya mai taya uku, irin mai farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, da sifirin ganye a baya. Ya ce wa Kawu, "Wanga keke ya yi mini kaɗan. Kwandunan tumatir ba su zama sai an ɗora wani bisa wani. A ƙara mini bodi ƙafa ɗaya da rabi." Ƙafa ɗaya da rabi inci 18 ke nan.

A gareji da yawa abin da ake yi shi ne a jona ƙarfe a bayan bodi a yi walda, shi ke nan. Kawu ya san illar haka, don ya sha ganin keke ya zo hawan gada da kaya, tayar gaba ta ɗaga sama, direba yana juya kai babu abin da ke amsawa. Shi ya sa ya yanke cewa a ja tayoyin baya su ma inci 18. Ina tsaye da tef a hannu sai katakon Malam ya faɗo mini.

Na ce, "Kawu, da izininka, ina ganin inci 9 ya isa."

Ya ce, "Mi kag gani, ɗana?"

Ban kawo masa zancen ƙanƙara ba. Na ɗauko duwatsu uku na jera su kamar murhu, ɗaya a gaba biyu a baya, na ɗora tsohon gwangwanin mai a tsakani. Keke mai taya uku tukunya ce a kan murhu. Idan an ƙara wa bodi inci 18 aka cika shi da kaya bai ɗaya, tsakiyar nauyin kayan inci 9 kawai za ta ja baya. Idan muka ja tayoyi 18, mun bar kayan sun karkata wajen dutsen gaba, inda murhun ya tsuke, ga tayar gaba guda ɗaya za ta sha nauyin da ba nata ba, ga kuma saurin kifewa a kwana. Dalilin rabin a nan daban ne da na bel, amma tambayar ɗaya ce: idan na matsar da wannan, ina nauyi zai koma? Kawu ya tura gwangwanin gaba da ɗan yatsa har ya tuntsure. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, auna tara."

Na ji daɗi a ranar, kuma ina ganin jin daɗin ne ya sa na yi sakaci. Na yanke maratayan sifirin, na kiyaye tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya daidai yadda muka koya, na sa faranti a jikin ƙarfen ƙasa. Muka kai farfela wajen masu juya ƙarfe suka ƙara mata tsawo suka daidaita ta don kada ta girgiza, muka ƙara wa sandar burki ita ma. Amma awon hagu da dama daga bakin bodi na ɗauko shi, ban lura cewa an taɓa bugun bodin a gefe ɗaya an miƙe shi ba. Bambancin bai wuce rabin inci ba.

Kawu ne ya gano, kuma ba da tef ba. Ya sa yaro ya tuƙa keken a kan ƙurar gaban gareji, ya tsuguna yana duban sawu. Sawun tayar gaba bai faɗa tsakiyar na baya ba, ya fi kusa da na dama. Keken tafiyar kare yake yi, a karkace. Ya ce, "Da ya tahi hakanan, wata biyu tayoyin Alhaji sun cinye gefe guda, shi kuma direba kullum kafaɗa na ciwo bai san dalili ba." Ya ɗauko zare ya ɗaura a wuyan keken, inda kan babur ke juyawa, ya ja shi zuwa bakin tayar dama, ya ƙulla alama, ya kai shi bakin ta hagu. Alamar ba ta kai ba. Ya ce ba a awo daga abin da ya taɓa lanƙwasa.

Abin ya yi mini ciwo, don a littafina na makaranta na rubuta da hannuna cewa ramukan hagu da dama dole su yi daidai, in ba haka ba bel zai riƙa gudu gefe yana cin kansa. Na san dokar, ban san inda ake kafa tef ba. Na yanke maratayin da kaina, muka sake walda bayan la'asar da zafi ya ɗan sauka, Kawu yana riƙe da zaren har na gama.

Da Alhaji ya zo ɗauka, na roƙi Kawu ya bar ni in faɗa masa magana ɗaya. Na ce, "Alhaji, wuri muka ƙara maka, ba mu ƙara wa inji ƙarfi ba, burkin ma shi ne na da. Tumatir da tattasai za su zauna lafiya, amma don Allah kada a cika shi da buhunan albasa har baki." Wannan batu yana damuna ƙwarai, don wanda ke kan keken yawanci yaro ne mai neman na abinci, ba mai kayan ba. Alhaji ya ce ya ji, ya kuma kira direban ya sa na maimaita a gabansa.

Bayan mako uku yaron ya biyo ta gareji a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa. Na tambaye shi yadda kan keken yake. Ya ce bai ɗaga ba ko a hawa, kuma bai yi masa nauyi a kwana ba. Yana nan tsaye wani mutum ya shigo da nasa keken, wai ya ga na Alhaji, shi ƙafa biyu yake son a ƙara masa. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Sha biyu ke nan." Ya miƙo mini zaren, ya ce in fara duba ko bodin ya taɓa shan bugu.