Inda Na Kai a Kaɗa Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos da Jita Zalla

'Yan'uwana masu koyon kiɗa, ga bayanin inda aikina ya tsaya tun da na ɗauki niyyar kaɗa waƙoƙin marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos da jita kaɗai, ba tare da murya ba. Na zaɓe shi ne saboda shi yake tsara waƙarsa, ya rera, ya kuma kaɗa kuntiginsa, babu 'yan amshi babu makaɗa a bayansa. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015, kuma ɗimbin waƙoƙin da ya bari sun tsaya ne a kan abu biyu: muryarsa da tsirkiya ɗaya da aka ɗaura a kan gwangwanin kifi rufe da fatar akuya.

Ɓangaren kuntigin bai ba ni wahala ba. Gajeren kiɗa ne da yake ta maimaituwa, don haka na bar wa babban yatsa shi a kan tsirkiyoyin jita masu kauri, na yi ta bita har ya zauna.

Aikin yana wajen murya. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau, ko ta sauka, ko ta faɗi, sannan akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Mawaƙin Hausa bai cika saɓa wa wannan ba, shi ya sa karin waƙar yake ɗan sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan gwargwadon kalmomin da suka zo. Idan mutum ya ɗauki karin baitin farko ya maimaita shi har ƙarshe, kamar yadda ake yawan yi a situdiyo da piyano, Bahaushe zai gane waƙar, amma zai ji an cire mata rai. Saboda haka sai da na haddace kalmomin waƙar Karen Mota, wadda ya yi wa yaran mota, ko da yake ba rerawa zan yi ba. Ina kaɗawa ina furta su a zuci, yatsa kuma yana jinkirtawa a kan gaɓa mai nauyi, ya wuce marar nauyi da sauri. Rage gudun sauti zuwa 0.75 a YouTube ya taimaka mini ƙwarai wajen jin inda yake jan numfashi.

Akwai kuma matsalar wuyan jita. Kuntigi ba shi da ƙarafunan nan da aka gindaya a wuyan jita, yatsa yana zamewa ya tsaya inda ya so, don haka wasu sautukan sukan faɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Dabarata ita ce in danne tsirkiyar in ɗan tura ta sama har ta kai. Yatsu suna jin jiki, musamman a tsirkiyar ƙarfe, amma babu makawa. Na kuma saƙala siririyar takarda tsakanin tsirkiyoyin, kusa da inda aka ɗaure su a jikin jitar, sai sautin ya bushe ya yi ɗan zizar da ta kusanto da shi ga kuntigi, domin jita a karan kanta tana da zaƙi fiye da yadda waɗannan waƙoƙi suke so.

Tsawon waƙa ma abin dubawa ne. Mai sauraro yana jure doguwar waƙar Ɗanmaraya saboda labarin da yake bi, to idan babu kalmomi, baiti uku ko huɗu sun wadatar.

Abin da ke gabana yanzu shi ne waƙoƙin da yake shigar da zance tsakanin mutane, yana sauya murya daga bakin wannan zuwa na wancan. Ina gwada ba wa mutum ɗaya tsirkiyoyin ƙasa, ɗayan kuma na sama, sai dai hakan yana cin karo da babban yatsan da ke riƙe da kiɗan kuntigi. Idan a cikinku akwai mai gurmi ko sarewa da zai ɗauki murya ta biyu, ina son mu haɗu mu gwada, ni in riƙe kiɗan kuntigin da murya ta farko a jita.