Godiya ga duk wanda ya tsaya min, daga ɗakin ɗaga ƙarfe zuwa wannan sabon aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na cikin Jos da na nesa.

Tun ranar Asabar da aka tashi daga walima nake son in zauna in rubuta wannan godiyar amma saƙonni sun yi yawa, wasu na amsa wasu har yanzu ban kai kansu ba, dan Allah a yi min afuwa. Alhamdulillah Allah Ya nufa na kammala karatun ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma an buɗe ɗan ofishin da zan riƙa ganin mutane a ciki. Da gangan muka sa bikin a satin 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa. Jama'ar da suka zo wallahi ban zaci rabinsu ba, kujerun haya suka ƙare sai da yara suka kwaso bencina daga Islamiyyar layinmu, ga hadari ya haɗo ta wajen duwatsun Shere amma ba wanda ya motsa har aka shafa fatiha.

Hajiyata ce farko. Ranar da na gaya mata zan rage aikin koci in koma makaranta shiru ta yi, can ta ce "kai da Allah Ya ba ka sana'ar da kake ciyar da iyali, me ya kai ka harkar masu taɓin hankali?" Ban ga laifinta ba ko kaɗan, tsoro ne irin na uwa. Amma da lokacin rajista ya zo kuɗina bai cika ba, ita ce ta kwashi adashinta ta ƙulle a leda ta aiko ƙanwata da shi, ta ce in je Allah Ya yi albarka. Hajiya Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sa Aljanna ce makoma. Sai uwargida, wadda ta riƙe gida da kekenta na ɗinki lokacin da shigowar kuɗi ta ragu, ko sau ɗaya ba ta nuna min a fuska ba, ina asaimen cikin dare da fitilar waya tana gefe tana kalmasa. Abin da ke tsakaninmu ya fi ƙarfin rubutu, Allah Ya biya ki.

Mutane da yawa sun tambaye ni a wajen walimar, koci wai me ya faru ne, jim ɗin ne ba ya tafiya? Yana tafiya wallahi. Waɗanda suka san farkonmu sun san da me muka fara, siminti ne muke zubawa a bokitin fenti mu soka bututun ƙarfe a tsakiya, sai tsofaffin ƙarafan mota da muke tsintowa a Dilimi, da asuba mu fita gudu ta wajen filin wasa na Rwang Pam sanyi na yanka kunne. Daga nan Allah Ya ɗaga mu har muka samu ɗaki da na'urori. Ina son wannan aikin har gobe. Abin da ya faru shi ne in an gama motsa jiki kowa ya watse, kusan kullum sai wani ya rage a kan benci yana ɗaure takalmin da ya riga ya ɗaure, in na matso sai ya ce koci kana da minti biyar? Kuma ba maganar tumbi ko ƙwanji zai yi ba.

Akwai wani bawan Allah, ya ba ni izinin in ba da labarinsa ba tare da suna ba, ɗan kasuwa ne magidanci da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Mutum mai fara'a. Wata safiya wani yaro ya saki ƙarfe ya faɗi ƙasa da ƙarfi, kafin in juya sai na ga mutumin nan ya durƙushe a bayan na'urar gudu ya rufe kansa da hannu biyu, jikinsa na rawa, gumi na zuba duk sanyin nan. Da ya dawo hayyacinsa na kai shi waje na ba shi ruwa, shi ne ya ce min yana kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayu 2014 da bama-baman nan biyu suka tashi, aka rasa mutum sama da 100, shi ya taimaka wajen ɗaukar mutane, kuma tun daga ranar bai ƙara yin barci mai daɗi ba, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba don kar a ce ba shi da tawakkali. Abin da nake da shi a lokacin shi ne in ce ya yi haƙuri ya yawaita addu'a, kuma gaskiya ne, amma na koma gida zuciyata na gaya min mutumin nan yana buƙatar wani abu da ban iya ba. Mu 'yan Jos mun san irinsa ba ɗaya ba ne. Wanda ya ga rikicin Jos na Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008, ya ga na Janairun 2010, Musulmi ne ko Kirista, da wuya ka samu gidan da ba a ɗauke da wani abu a ciki, an gyara shaguna an sake rufin gidaje amma mutanen ciki ba wanda ya tambaye su ya suke kwana.

Sai kuma samarinmu da ƙwaya. Wannan ya fi ci min rai. Yaro lafiyayye zai haɗiyi tiramol kafin ya shigo wai don kar ya ji gajiya, na taɓa ganin wanda ya yanke jiki ya faɗi yana farfaɗiya a gabana, domin yawan shan tiramol na jawo haka. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya wajen miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a cikin shekara guda, a shekarar ce ma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. In ka kori yaro daga jim ka rabu da shi ne kawai, ƙwayar na nan tare da shi. In ka zauna da shi kuwa sai ka ji rashin aiki, ko jarabawar da ya faɗi, ko uban da ya rasu ya bar masa ƙanne. Lokacin kullen korona a 2020 da aka rufe mana waje, kiran da nake samu cikin dare ba na neman jadawalin motsa jiki ba ne. A nan na yanke shawara, na yi istihara na sayi fom.

Malamaina na jami'a, maza da mata, na gode da haƙurinku da ɗalibin da ya daɗe da barin aji. Ku kuka koya min cewa sauraro ilimi ne da ake koya, ka bar mutum ya gama maganarsa ba ka tare shi da nasiha ba, ka riƙe sirrinsa, kuma in ka ga alamar yana tunanin kashe kansa ka tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Godiya ta musamman ga wata babbar nas a sashen da na yi firaktikal, kowa Mama yake ce mata, ita ta nuna min yadda take zama a kujera daidai da majinyaci ba ta tsaya masa a ka ba, ta kira shi da sunansa ta tambaye shi ya yara. Na ga mutanen da aka kawo a ɗaure sun samu sauƙi sun koma sana'arsu. Mama Allah Ya saka da alheri.

Bari in maimaita abin da na faɗa a wajen taro saboda waɗanda ba su zo ba. Ni ba likita ba ne, ba na rubuta magani. Aikina zama da mutum mu tattauna, kuma in abin ya wuce nan in tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Likitocin nan ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, shi ya sa ake buƙatar irinmu a cikin unguwa mu gane matsala da wuri. Wanda ya yi sati biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki, abin da yake so da duk ya fita ransa, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Mai jego da ke ta kuka ba ta son ɗaukar jaririnta, a daina ce mata sangarta ce, a kai ta asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani kuma ya sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kar ya ajiye da kansa don ya ji sauƙi. Dokar ƙasa ma ta canza, a Janairun 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar nan ta 1958, yanzu majinyaci yana da haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Duk mun tuna 2019 da 'yan sanda suka fito da mutane ɗaruruwa daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin wuraren nan yawancinsu ba mugunta ba ce, rasa inda za su je suka yi, kuma wannan ne nake so ya ragu a garinmu.

Malam limamin masallacinmu, jawabinka ya sanyaya min rai, da ka ce wa jama'a neman magani ba ya warware tawakkali, a yi addu'a a kuma je asibiti, na ga dattawa suna gyaɗa kai. Na gode Malam. Haka faston da muke maƙwabtaka da shi a wajen aiki, ya zo da matarsa da babbar kula ta gwaten acha, ya yi magana mai ratsa jiki kan zawarawan da yake gani. Iyayenmu mata da suka kwana suyar masa da haɗa zoɓo da kunun aya, ban san da bakin da zan gode muku ba. Maigidana mai jim da ya bar ni ina zuwa da asuba kawai don in samu zuwa lakca bai taɓa rage min ko sisi ba, Alhaji Allah Ya ƙara buɗi. Yarana na ɗaga ƙarfe, na Anguwan Rogo da Gangare da Rikkos da Nasarawa Gwom da Bukuru, su suka yi fentin ofis suka ja waya suka haɗa labule, kafinta a cikinsu ya ƙera kujeru biyu ya ƙi karɓar kuɗin aiki. Ina alfahari da ku ƙannena. Sai waɗanda suka amince suka buɗe min cikinsu tun ba ni da takardar komai, ba zan kira suna ba, kun san kanku.

Motsa jikinmu na safiyar Asabar yana nan kyauta kamar yadda aka saba, biyu daga cikin yaran za su riƙa ja, ni ma zan riƙa fitowa, domin motsa jiki na rage damuwa sosai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 a sati ta ce babba ya samu aƙalla, ko tafiya da sauri ce. Mai son ganina ya turo saƙo ta WhatsApp a sa masa lokaci, matan da suka fi son mace akwai abokiyar karatuna da za mu riƙa aiki tare. Rashin kuɗi kar ya hana kowa zuwa, za mu san yadda za a yi. Amma in abu ya yi tsanani, mutum yana neman cutar da kansa ko wani, dan girman Allah kar a jira ni, kar a bar shi shi kaɗai, a wuce da shi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ko asibiti mafi kusa nan take.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe min. Waɗanda suka taso daga Bauchi da Kaduna da Abuja, na ji kowa ya isa gida lafiya, Alhamdulillah. Ku sa ni a addu'a Allah Ya ba ni ikon riƙe amanar mutane. Na gode, na gode, Allah Ya bar zumunci.