Fam ɗari da na biya don na jira Janairu

Da zan bar Birmingham ta Birtaniya na dawo Kaduna, ban sayar da ɗan gidan da na saya can ba. Na bar shi hannun dillali ya zuba 'yan haya, ni kuwa na tare a Malali. Dokar can ta ce idan mai gida yana zaune a waje, dillali zai cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya ya miƙa wa hukumar haraji, wato HMRC, sai fa in mutum ya cike fom ɗin NRL1 aka amince ya riƙa karɓar kuɗinsa cif-cif. Na cike, aka amince. Abin da ya rage kaina shi ne bayyana abin da na samu duk shekara.

Shekarar harajinsu ma daban take: daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilu na gaba. Kowa a can ya haddace 31 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe ta miƙa bayanin haraji, ni ma ita na riƙe. Don haka na miƙe ƙafa.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, bayan isha'i, na tayar da janareta na buɗe kwamfuta, ga sanyin hunturu, ga shayi a gefe. Na shigar da kuɗin haya, na shigar da na gyaran famfo da ladan dillali. Sai na shiga neman inda zan nuna cewa ba a ƙasar nake zaune ba. Na duba sama, na duba ƙasa, babu. Ashe wannan shafin, SA109, ba a cike shi ta shafin intanet na kyauta na hukumar. Mutum irina ko dai ya aika da takarda ta gidan waya ta isa kafin 31 ga Oktoba, ko ya sayi manhajar da aka amince da ita, ko ya ɗauki akanta, sannan ne Janairu za ta zama tasa. Oktoba kuwa ta wuce da wata uku ina zaune ina cin gyaɗa.

Kafin na samu akanta mu gama, Fabrairu ta shiga. Bayan 'yan makonni ƙanina da ke can ya turo mini hoton wata ambulan ruwan ƙasa ta WhatsApp, don ko adireshina ban canza ba. "Yaya, wannan fa ba ta yi kama da katin gaisuwa ba," in ji shi. Tarar fam 100 ce. Ana cin ta ko da ba a bin mutum ko sisi na haraji. Da na ƙara sakaci har wata uku, da an fara lissafa mini fam 10 kullum har ta kai 900. Uwargida ta tambayi nawa ke nan a naira, na faɗa mata, ta ce, "Baban Amina, ai buhun shinkafa ka zubar a rariya." Ban yi musu ba.

Tun daga nan na daina kallon Janairu. Na so na ɗaura abin da wata Sallah don kada na manta, sai na tuna ita kowace shekara tana matsowa da kwana goma sha ɗaya. Sai na ɗaura shi da ruwan farko. Da zarar mangwaro ya cika kasuwa, hadari ya fara haɗuwa, shekarar can ta rufe ke nan, sai na rubuta wa dillali ya turo mini lissafin wata goma sha biyu. Kafin ƙarshen Yuni komai yana hannun akanta. Biyan kuɗin ne kawai ke jiran Janairu, kuma shekarar da harajin ya haura fam 1,000 akan nemi wani kaso na harajin shekara mai zuwa tun gaba, rabi a Janairu, rabi 31 ga Yuli. Wannan ta Yulin ita ce mai saurin kuɓucewa, don babu mai zancenta.

Ga kuma na gida. A nan shekara daga Janairu take zuwa Disamba, kuma 31 ga Maris ce ranar miƙa bayani ga hukumar harajin jiha, KADIRS. Ma'ana kuɗin haya ɗaya sai na yanka shi gida biyu, kowace hukuma da inda take sa wuƙa. Akwai yarjejeniya tsakanin Nijeriya da Birtaniya don kada a karɓi haraji sau biyu kan abu guda, amma sai da shaida, shi ya sa kowane rasit nake buga shi na sa a wata koriyar jaka.

Ranakun suna cikin waya, amma na fi yarda da kalandar bango da wani mai shagon taya ke ba ni duk shekara. Ranar da na rataye ta nake zagaye su da jan biro. Bana Amina ce ta karɓi biron, ta zagaye har da ranar haihuwarta.